Mai Keken da Ake Jira

A kan keke Karuppaiya ya yi furfura. Aikinsa a garin Tenkasi jigilar faya-fayan fim ne tsakanin silimar hayin kogi da ta bakin kasuwa, don fim ɗaya gidajen biyu ke haɗuwa su yi haya. Da an gama da faifai a hayi, sai ya ɗaure shi a bayan keke ya taka sai kasuwa. In ya makara allo ya yi fari fat, 'yan kallo su yi ta ihu suna tsine wa kekensa har ya iso. Sun saba da hakan.

Ranar da aka sa wani sabon fim, ya kawo faifan ƙarshe silimar kasuwa, ya tsuguna bakin ƙofa yana kurɓar shayi. A allo, jarumin fim ɗin na tasha yana jiran masoyiyarsa. Jirgi ya zo, ya wuce, ba ta sauko ba. Sai sunaye suka hau allo.

Ko mutum ɗaya bai tashi ba. Yo ina aka taɓa gama fim ba biki, ba a ko jibgi mugu ba?

"Mai keke! Ina sauran?" wani ya kwarara ihu.

Irudayam mai majigi ya sauko yana zufa. "Yaya, tsakaninka da Allah, ba ka yar da ɗaya a gada ba?"

"Ni? Abin da aka ba ni na kawo!"

"To shiga ka gaya musu. Kujeru suke ɓallawa. In suka yaga allon nan, kai maigida zai kora, ba ni ba."

Har Karuppaiya ma ya fara zargin kansa. Ya haye keke ya nufi hayi yana duba gefen hanya da ƙarƙashin gada, yana roƙon Allah ya sa an manta faifan ne a hayi.

Ashe a can ma haka fim ɗin ya ƙare, kuma manajan hayi, don ya ceci allonsa, ya riga ya shaida wa nasa 'yan kallon cewa ƙarshen fim na kasuwa, mai keke na tafe da shi. Karuppaiya na karyo kwana suka kaure da tafi da shewa.

"Ga shi nan! Ku ba baba hanya!"

Suka ɗaga shi sama har da keken, suka nufi ciki da shi, yana riƙe da akwatin faya-fayan da babu komai a ciki.