Matar da Ta Kawo Ruwan Toka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, shekara goma kuma da ranar da na ci gasar kemistiri ta makarantun sakandare a nan Bauchi. Da gasar mutane suka san ni. Na daɗe ina ɗage rubuta yadda abubuwan biyu suka haɗu, har yanzu ma ban tabbata rubutawar za ta amfani kowa ba.

Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take ce mini, ni kuma na tashi ina ce mata Adda, yadda na ji ƙannenta na faɗa. Sabulun salo take yi a bayan gidanmu a Gwallaga. Takan ƙona karan dawar da ake kawo mata daga Miri, ta tace ruwan toka, ta dafa shi da mai. Matan da na sani a sana'ar da baki suke gwada ƙarfin ruwan tokar, shi ya sa leɓensu kullum a ƙone. Adda kuwa sai ta ɗebi ludayi guda, ta ɗiga masa ruwan zoɓo, ta duba. In jan ya tsaya a shuɗi-shuɗi, da saura. In ya koma kore, ya kai. A iya sanina ba wanda ya koya mata.

Abin da na ƙara kaɗan ne. Na jiƙa takarda a zoɓo, na shanya, na yanka ta siriri. Da malaminmu na kemistiri ya tambaye ni inda na samo dabarar, na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya, ya ce alƙalan gasar sabuwar ƙirƙira suke nema, ba aikin matan bayan gida ba, ya sa na haddace cewa a ɗakin gwaje-gwaje na gano ta. Ba na so in ɗora masa laifin duka. Ina ga daɗi na ji da ya ba ni wannan mafita.

Ranar gasar ana buƙatar ruwan toka mai kyau, Adda ce kaɗai ta iya tace shi. Ita ta ɗauko jarka a keke har zauren da ake taron, ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsaya da hijabinta mai warin hayaƙi. Cikin alƙalan akwai wata malamar jami'a, 'yar kudu ce amma tana jin Hausa. Da na zuba zoɓon ya yi yawa, ta lura matar bakin ƙofa ta girgiza kai. Sai ta tambaye ni ko mamata ce.

"A'a," na ce. "Mai kawo mana ruwan toka ce."

Ba ta gamsu ba. Ta juya ta ce, "Mama, 'yarki ce wannan?"

Adda ta ja hijabi ta rufe baki, ta ce, "'Yar mutane ce."

Wasu ɗalibai suka yi dariya. Malaminmu ya taka ya ce mata ta jira a waje, warin toka na damun baƙi. Ta fita. Ni na zo ta ɗaya.

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san uwa ba ta amsa 'yar fari a gaban jama'a. Ko ban yi musun ta ba, wataƙila amsar da za ta bayar ke nan. A bayan wannan "wataƙila" na ɓuya shekara uku. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, domin kunyar da ta hana ta yaba mini ita ce ta hana ta yi mini faɗa. Ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yafiya, don ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ɗalibai na ta kai takardar zoɓo gasa, a tsohuwar makarantarmu har da sunana ake kiran ta. Malamin ya samu ƙarin girma, na ji yana cewa a gabansa aka gano dabarar. Sabulun salo ya shiga kwalaye masu kyau, irin mutanen da suka toshe hanci a zauren nan su ne masu sayensa. Ni ina aiki a ɗakin gwajin ruwa, bana ma an gayyace ni alƙalancin gasar. Ina zaton ba abin da za ta ce. Za ta duba, ta koma kan tukunyarta.

Ranar sadakar bakwai ƙanwarta, Inna Laure, ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na lura da bakin Adda kafin ta rasu. Na ce ban gane ba. Ta ce tun ranar gasar ba ta sake ɗiga zoɓo a toka ba, ta koma ɗanɗanawa da harshe kamar sauran mata. Da Inna ta yi mata magana, sai ta ce abin ya zama na makaranta, ba ta san ko an yarda irinta su taɓa ba.

"Shekara uku kina cin tuwo a gabanta," in ji Inna Laure, "leɓenta na tsagewa, ke da kika iya gane kala."

Ban san abin da ya rage na Adda ba in aka cire dabarar da ake kira da sunan wata. Tukwanenta an raba, bayan gidan an gina shago. Na kuma san jaridar da za ta buga rubutun nan ba za ta kai mata ba, ko tana raye boko ba ta karantawa. Amma ita al'ada ce ta rufe mata baki, ni kuwa ba abin da ya rufe nawa.

Sunanta Hajara mai sabulu, ta Gwallaga. Ita ta gano gwajin zoɓo, kuma ita ta haife ni. Amsar da ya kamata in bayar ke nan tana tsaye a bakin ƙofa. Allah Ya jiƙan ta.