Baba Mai Hatimi, Hannun da Ya Ƙi Zana Ƙarya

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, kafin masu shagunan layin su buɗe, Baba Mai Hatimi ya riga ya zauna bakin tagarsa, don hasken safiya ya fi yarda da shi. Zai goge tagulla da toka har ya ga fuskarsa a ciki, ya shafa mata kakin zuma kaɗan, ya kifa takardar da ya zana da fensir mai taushi, ya murza bayanta da gindin cokali. Da ya ɗaga, zanen ya sauka jikin ƙarfen a juye. Sai ya bi layin da allura, sannan ya ɗauki ɗan ƙarfensa na sassaƙa.

Yakan ce wa tela, maƙwabcinsa, "Sauke zane shi ne aikin. In ya sauka a karkace, ƙarfe bai san afuwa ba."

"Ni in na kuskure farkewa nake yi," in ji tela.

"Ina gani a wuyan rigata."

A wannan watan Baba zai ajiye aiki, ido ya gaza. Wasu za su tuna allunan ƙofa da zobban da ya rubuta wa suna. Amma akwai abin da ya faru shekara bakwai baya, wanda tela da iyalin Baba suka shaida, kuma shi ya fi cancantar a faɗa.

Wata Talata da hantsi mutum uku suka shigo shagon. Na gabansu ƙanin wani mai injin niƙa ne da ya rasu wata biyu kafin nan. Baba ne ya sassaƙa wa marigayin hatimi tun marigayin yana saurayi. Mutumin ya ajiye wata tsohuwar takarda mai ɗauke da bugun hatimin.

"Baba, na yayana ya ɓace. A yi mana irinsa sak."

Baba ya san aikin yini ɗaya ne: ya ɗora takarda shara-shara, ya bi bugun da fensir, ya sauke a tagulla. Ya ɗago kai ya ce, "Mamaci me zai yi da hatimi? Matarsa ta sani?"

Mutumin ya yi murmushi. Ya kama hannun Baba na dama kamar mai gaisuwa, ya dinga taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Hannun nan shi ne abincinka, ko? Allah ya tsare shi. Ranar Juma'a za mu dawo."

Bayan sun fita, tela ya faɗa masa abin da unguwa ke raɗawa. Ana so a fito da takardar da za ta ce marigayin ya sayar wa ƙaninsa gida da injin kafin ya mutu. A gidan nan matarsa take da 'ya'ya biyar.

Kwana ukun nan Baba bai ci abin kirki ba. Yana cikin aiki allura ta zame ta ɓata masa allon wata makaranta, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa ta ce, "Malam, ka yi musu ka huta. Ba kai ka kashe zomon ba, rataya aka ba ka."

"Ratayar ma ai da hannuna zan yi."

'Yarsa ta fari ta zo daga gidan mijinta tana kuka, ta roƙe shi ya kulle shago ya koma wajensu. Ya dubi yatsunsa. Yana tunanin yadda ƙashi ke karyewa, da yadda tsoho mai karyayyen hannu zai ciyar da gida.

Ranar Juma'a suka dawo. Baba ya miƙa musu takardarsu, tana kaɗawa a hannunsa. "Ba zan yi ba," ya ce. Tela ya tsayar da kekensa ya zo ya tsaya bakin ƙofa, almakashi a hannu, ya ce daga baya mantawa ya yi bai ajiye ba. Mutumin ya ture teburin, kayan aiki suka watse ƙasa. "Za ka gani, tsoho."

Daga nan zaman ɗar-ɗar ya fara. Wata safiya Baba ya tarar an cusa ƙusa cikin kwaɗon shagon. Wata rana dutse ya fasa tagar, ya faɗi kusa da ƙafarsa. In mota ta tsaya a layin, sai ya leƙa ya ga ko su ne. Ya koma tafiya da hannun dama cikin aljihu, ko masallaci zai je sai ya waiga sau uku.

Mutanen suka samu wanda ya yi musu aikin a wani wuri, suka fito da takardar sayarwar, magana ta kai kotu. Sai ga matar marigayin a shagon, da goyo a baya. Ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce kai ka yi hatimin maigidana. Ba ni da kowa da zai ce wancan na ƙarya ne."

Zuciyarsa ta ce ya ce ya manta. Ya ce ta dawo gobe, don kawai ya samu numfashi. Amma yana da wani tsohon littafi. Duk hatimin da ya gama, yakan kara shi kan kyandir ya yi baƙi da hayaƙi, ya buga a takarda ya adana. Ya buɗe, ga na marigayin. Da ta dawo washegari ya ce mata zai je.

A kotu ƙanin marigayin yana zaune ya kafe Baba da ido. Baba ya nuna wa alƙali cewa tagullar asali tana da ɗan rami, shi ya sa ya lanƙwasa wutsiyar harafin ƙarshe ya kauce masa. Wanda ya kwaikwaya daga tawada mai dusashewa bai ga wannan ba, ya ja layinsa a miƙe. Alƙali ya ari gilashin Baba mai ƙara girman rubutu ya duba ya sake dubawa. Gida da inji suka zauna hannun marayu.

Tsoron dai bai sake shi ba. Har yau ba ya zama ya ba ƙofa baya. In an kira shi jarumi sai ya girgiza kai: "Ina jarumtar? Tsoro na ji, har yanzu ina ji."

Baba, kai ne ka ji tsoron duka, ka ƙi yi. Kai ne ka je kotu da tsoronka, ka faɗi gaskiya. Na tagulla, mai layi ɗaya. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya yi albarka.

Masu sana'a, kowa ranarsa na zuwa da za a ajiye masa takarda a kan tebur. Ba a ce kada hannu ya yi rawa ba. Ko yana rawa, a miƙa musu abarsu.