Rubutu na Arba'in da Ɗaya

Jama'a, abin da zan faɗa muku da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ko gishiri ban ƙara masa ba. Shekara huɗu ke nan, lokacin ina aikin rabon ruwa a fadamar Jiratawa, ni ke buɗe wa manoma kanal in rufe bisa layi, gidana kuma yana Sabon Gari cikin Maradi, kullum a moto, wato babur, nake zuwa in dawo.

A wannan lokacin na kamu da wani wasan noma na telefon, wanda ake ba ka fili da gulbi, ka haƙa hanyar ruwa, ka shuka, ka girbe, in ka yi daidai a wuce da kai mataki na gaba. Da na ga duk bayanin wasan da Faransanci yake, sai na buɗe shafi a intanet, abin da ake kira bulog, ina rubuta yadda nake buga shi da Hausa. Ni mutum ne mai son tsari. Ranar Alhamis in rubuta da biro a cikin kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, in sa masa lamba, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in kwafe a telefon in saka. Ban taɓa juya wannan ba.

Amma kada wani ya ce muku abin nan sauƙi ne. Farko kuran, wato lantarki, a ɗauke shi telefon ta mutu kana tsakiyar jimla. Sannan rezo, wato sabis na telefon, sai ka hau katanga kana ɗaga hannu kamar mai kiran kaji. Mafi ciwo kuma shi ne ka rubuta ka ji shiru. Matata ma cewa take, "Malam, gonar telefon ɗin nan yaushe za mu ci hatsinta?" Mutum ɗaya tak ke amsa mini kowane mako, yana sa hannu da Tsoho Ilu na Tsibiri, ya taɓa cewa gidansa na bayan kasuwar hatsi. Amsarsa ba ta wuce layi biyu, yawanci ma faɗa yake mini, wai na cika gaggawar shuka.

To, sai na kai wani mataki da gulbi ke ambaliya. Sati shida ina gina madatsa daga sama zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kullum ruwa ya fasa ya cinye gonakin. Abin rubutawa ya ƙare, Tsoho Ilu ma ya yi shiru mako biyu. Ranar wata Alhamis na buɗe kaye na rubuta lamba arba'in da ɗaya, na ce jama'a ku yafe mini, gulbi ya fi ƙarfina, daga wannan zan rufe shafi. Na sa kayen a akwatin moto na kulle, niyyata in saka washegari.

Da safiyar Juma'a, ina tsaye a bakin kanal, rana ta fito sarai, telefon ta yi ƙara. Tsoho Ilu ne. Ya rubuta: "Na ga arba'in da ɗaya, ban yarda ba. Ba a kokawa da gulbi. Ka bar masa gonar ƙasa ya kwanta, in ya janye ka shuka a laka."

Innalillahi! Na ruga na buɗe akwati, kaye na nan inda na aje shi. Na duba shafi, rubutu arba'in ne cif. Ko matata ban gaya wa ba. Duk da haka na zauna gindin mangwaro na gwada, na rushe madatsar ƙasa na bar ruwa ya shiga, kuma wallahi a bugu ɗaya na wuce matakin.

Ranar Asabar na hau moto sai Tsibiri. Na yi tambaya bayan kasuwar hatsi aka nuna mini gidan. Wata mata ta fito, ta ce ita ce Hadiza, 'yarsa, malamar lakol, wato makarantar boko. Da na faɗi ko ni wane ne ta yi dariya ta ce, "Kai ne mai gonar telefon? Baba ba ya gani, ni ke karanta mishi duk Juma'a, ya faɗa in rubuta."

Na nuna mata saƙon jiya. Ta karanta sau biyu, dariyar ta ɗauke. Ta ce ba ita ta rubuta ba, telefon ɗinta kwana tara tana wajen mai gyara a Maradi, Baba kuma zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku bai san inda yake ba, sai jiya da la'asar ya farfaɗo.

Ta kai ni ɗakinsa. Yana jingine da bango, ya rame, yana kurɓar kunu. Na durƙusa na gaishe shi, ban kai ga faɗin sunana ba ya ce, "Ɗan Jiratawa, ka bar mishi gonar ko ka yi taurin kai?"

Na ce, "Na bar masa, Baba. Amma yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Mi za ni sani? Shekara hamsin ina noma bakin gulbi. Kai dai ka ci gaba da rubutu, shi kaɗai ne gonar da ta rage mini." Na sake tambaya, Hadiza ma ta tambaya, ya ce mu bar shi ya sha kununsa.

Na dawo gida na soke lamba arba'in da ɗaya, na rubuta wata a madadinta. Tsoho ya warke, ya ci gaba da yi mini faɗa ta hannun 'yarsa, ita kuma ta ba abokan aikinta adireshin shafin, yanzu masu amsawa sun fi ƙarfin yatsun hannuna. Na kai saƙon wajen masu gyaran telefon biyu, kowa ya juya shi ya ce daga adireshin Hadiza ya fito, iyakar abin da suka iya faɗa ke nan.

Shawarata ga mai irin wannan shafi, ko mutum ɗaya ke karanta ka, kada ka rufe sai ka je ka ga fuskarsa. Kuma ka kula da abin da kake rubutawa, ko a inda kake zaton babu mai gani.