Tirela Biyu da Aka Bari a Boda

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Jibiya, kuma a duk tsawon lokacin sau ɗaya tak na miƙa wa wani allina na koma benci na zauna cikin ɗalibai. Wanda na miƙa wa kuwa direban tirela ne, wanda da bakinsa ya shaida mini cewa iyakar bokonsa karanta lambar mota.

Kowace shekara, da zarar zafi ya kankama, nakan tara 'yan ajin ƙarshe bayan la'asar domin shirin jarrabawar shiga jami'a. Ɗakin ajin ba ya zaunuwa a wannan lokaci, sai mu fito da benci da allo mu kafa a inuwar bedi. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta. Awa biyu ake ba yaro ya amsa darussa huɗu, lissafi kaɗai tambaya arba'in, kowace da amsoshi huɗu a jere, ya zaɓi ɗaya. Kwamfuta ba ta duba kyan rubutu, ba ta tambayar hanyar da ka bi, ba ta kuma san ɗan gidan wane ba. Na sha gaya wa ɗalibai cewa ban taɓa ganin alƙali mai adalci da rashin tausayi irinta ba.

A shekarar da nake magana, wadda ta fi kowa iya lissafi wata yarinya ce da 'yan ajin ke yi wa laƙabi da Mai Rula. Firamare a tsallaken iyaka ta yi, wajen kakarta, can kusa da Maraɗi, sai da ta isa shiga sakandare aka dawo da ita gida. Ta zo mana da tarbiyyar makarantun can cif. Kafin ta taɓa tambaya sai ta ɗauko rula ta raba shafi gida uku: abin da aka bayar, aikin da aka yi, sannan amsa. Amsar kuma sai an ja mata layi biyu da jan biro. Littafinta in ka buɗe, sai ka duba tafin hannunka tukuna ka ga ko ya cancanci taɓa shi. In abu ya ɗauke mata hankali takan manta ta kira ni Mushe, yadda suke kiran malami a can, ajin ya kwashe da dariya.

Injiniya take so ta zama, ta hanya da gada. Mahaifinta ya riga ya shelanta a tasha cewa ɗiyarsa ce za ta gyara titin da ke cinye masa taya. Fannin kuwa maki mai yawa yake nema, kuma in lissafi ya zube sauran darussan ba za su ɗauke ta ba, sai ta zauna gida shekara guda tana jiran wata jarrabawar. Ni dai ban damu ba. Na ɗauka in akwai wanda zan yi wa fargaba a ajin nan, ba ita ba ce.

Ranar gwaji na farko na raba musu tambaya arba'in, na ajiye agogona a kan tebur, na ce minti talatin. Da lokaci ya cika na karɓe takardu. Mai Rula ta amsa goma sha huɗu, duka daidai, kowace da layinta biyu. Wani yaro ɗan Daddara, wanda ya ɗauki lissafi a matsayin ciwon da ke warkewa da kansa in an ƙyale shi, ya amsa duka arba'in ya ci goma sha bakwai. Ya miƙe tsaye ya gyara wuyan rigarsa.

"Malam, a sanar da jama'a. Yau na wuce Mai Rula."

"To, madalla. Zo ka nuna mana yadda ka samo amsar ta tara."

"Malam, ba a nuna irin wannan. Kallonta na yi, fuskarta ta yi mani kama da gaskiya."

Da aka tashi na tsayar da ita. Na duba takardarta na ga inda ta maƙale: tambaya ta goma sha biyar, wata doguwa ce a kan kusurwoyi, ta cika mata shafi guda har ta juya baya.

"Ɗiyata, in tambaya ta ƙi, ki tsallake ta ki yi gaba."

"Malam, in na tsallake ta, wa zai yi ta?"

"Ba kowa. Kuma ba za ta kai ƙara ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A can, in ka bar aiki ba ka ida ba, mushe ko duba littafinka bai yi. Kuma Malam, ba kai ne tun muna aji huɗu kake cewa duk wanda ya tsallake mataki ɗaya za ka ba shi sifili ba?"

Ni ne kuwa. Shekara uku ina dasa musu wannan ɗabi'a da jan biro, yanzu kuma ina so in tumɓuke ta cikin wata biyu. Na yi gyaran murya na ce ta tafi gida, yamma ta yi.

Mako uku na yi ina fama. Na yi mata lacca a kan darajar lokaci, ta saurara cikin ladabi, ta gode, ta koma ta ci gaba da jan layi. Na ƙwace rular, ta yi amfani da gefen bangon littafi. Na hana wannan, ta ciro katin shaidarta na makaranta. Iyakar abin da na samu shi ne ta tashi daga goma sha huɗu zuwa goma sha tara, kuma duk lokacin da na tsaya a kanta na ce "wuce", sai ta yi kuskure a tambaya mai sauƙi da ke gaba. Hankalinta na can wajen wadda ta bari.

Wata Laraba muna tsakiyar darasi sai ga tirela ta tsaya a bakin katangar makaranta. Wani ƙaton mutum ya diro da tawul a wuya, ya yi sallama da muryar da ta kori tsuntsayen bedin. Mahaifinta ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan ya zo kan magana.

"Malam, a tasha aka tare ni, wai ɗan Daddara ya wuce ɗiyata a lissahi. Na ce bari in zo in ji ko duniya ce ta tashi ba a gaya mani ba."

Ɗan Daddara ya sunkuya a bayan na gabansa. Na yi wa baƙona bayani dalla-dalla: tambaya arba'in, lokaci kaɗan, yarinya mai tsayawa a kan mai wuya har masu sauƙi su wuce ta. Yana saurare yana gyaɗa kai, can sai ya fashe da dariya har da dafa gindin bedi.

"Haba Malam! Wanga ai layin boda ne. Ara mani allinka."

Na ara masa. Na nemi wuri a ƙarshen benci na zauna.

Ya ja wani layi a tsaye ya ce shi ne shinge. Ya zana wani dogon akwati a gabansa, ya jera ƙananan ɗigo a baya.

"Kun ga wannan? Ni ne, na iso da kaya har sama, takarduna sun cika hannu biyu. Bayana ga 'yan babur, ga ƙananan motoci, ga tsohuwa da kajinta za ta biki. In ma'aikacin boda ya ce sai ya gama da ni kahin ya dubi kowa, layi sai ya kai cikin gari, rana ta faɗi ba wanda ya wuce. To mi mai hankali ke yi? Ya ce: direba, gyara gefe. Sai ya sallami babura, fiu, fiu, fiu. Ya leƙa but ɗin ƙananan motoci, su ma su wuce. In hanya ta yi sarari, ya dawo kaina a natse, ya bi kayana buhu-buhu."

Mai Rula ta ɗaga hannu. Ga mahaifinta fa, wanda da safe ta zuba wa ruwan alwala. Ajin ya ɓarke da dariya, shi kuwa ya nuna ta da alli kamar ya shekara ashirin a aikin.

"I, ke, ta gaba."

"Baba, in ya mance da kai fa?"

"Ke, wa ke mance tirela? Ai kahin in gyara sai ya rubuta lambata a takarda. Tun ba a haihe ki ba ake ce mani gyara gefe, ko sau ɗaya ba a kore ni ba. Fakin na yi, kuma za a dawo kaina."

Ta tsura wa allon ido. Ni kuma ina zaune ina tuna shekarun da na kwashe a jami'a ana koya mini dabarun koyarwa, ina lissafin ko akwai inda ake mayar da takardar shaida.

Daga ranar darasin yamma ya zama wasa. In na karanta tambaya, kafin kowa ya ɗauki fensir sai ajin ya yanke mata hukunci da ƙarfi: "Babur!" ko "Tasi!" ko kuwa, in ta zo da doguwar jela, "Tirela! Gyara gefe!" Wani lokaci a yi musu, wani ya ce tasi ce, wani ya ce tirela ce ta yi shigar burtu. Ɗan Daddara da farko duk abin da na karanta tirela yake cewa.

"Malam, ni bodata babur bai bi ta nan."

Amma da ya ga akwai tambayoyin da za a iya sallama cikin numfashi biyu, sai ya fara yin su da gaske maimakon duba musu fuska.

Da Mai Rula kuwa sulhu muka yi. Na mayar mata da rularta bisa sharaɗin layi ɗaya tak, a gefen takarda. Nan ne filin fakin. Duk tambayar da ta ƙi, ta rubuta lambarta a ciki ta wuce. Ta kai ashirin da shida, ta kai talatin da uku, mako na ƙarshe ta kai talatin da takwas. Saura rigima ɗaya: na ce in lokaci ya zo ƙarewa, waɗanda ke fakin ta zaɓa musu kowace amsa, kada ta bar gurbi.

"Malam, in zaɓi abin da ban sani ba? Ba shaidar zur ba ce?"

"Kwamfuta ba rantsar da ke ta yi ba."

Ba ta gamsu ba sai da ta je ta tambayi malamin addini, ya ce babu laifi. Fatawarsa ta karɓa, tawa ta ajiye a gefe.

A Katsina aka tura su rubuta jarrabawar. Muka ɗauki bas da safe, na raka su. A bakin ƙofa ana bincike, fensir kawai ake bari a shiga da shi. Ta juyo ta miƙo mini rular, ta katako ce, lambobinta duk sun goge.

"Mushe, amana."

Na tsaya a rana riƙe da ita fiye da awa biyu, kamar wanda aka bar wa jariri. Ɗan Daddara ne ya fara fitowa yana washe baki: "Malam, yau na ga babura!" Ita kuwa ta fito fuska a murtuke.

"Nawa kika kai?"

"Duka arba'in na taɓa. Amma na bar tirela biyu a boda. Lokaci ya ƙare suna fakin, sai na zaɓa masu amsa haka nan."

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har masu gadi suka waiwayo. Ta dube ni kamar na yi guɗa a gidan makoki.

Sakamakon ta waya ake turo shi, amma ni ta ƙaho na ji. Muna cikin darasi na biyu sai hon ɗin tirela ya cika makarantar, ba ƙaƙƙautawa, har shugaban makaranta ya fito da gudu. Direban na zaune a sama ya leƙo da kai ta taga yana ɗaga waya.

"Malam! Ta wuce shinge! Har da rara!"

Makin ya haura abin da fannin ke nema. Bayan 'yan watanni sunanta ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka. Ɗan Daddara ya samu kwalejin horon malamai, kuma labari ya iso ni cewa lissafi yake koyarwa yanzu, abin da har yau nake neman gafarar Ubangiji a kansa.

Ana saura kwana uku ta tafi jami'a ta zo yi mini sallama, ta kuma karɓi amanarta, domin ranar jarrabawa murna ta sa na taho da rular gida. Na ciro ta daga aljihun tebur na ba ta. Ita kuma ta buɗe jaka ta ajiye mini takarda a gaba. Tambayoyin nan biyu ne, ta riƙe su a ka tun daga Katsina. Shafi an raba shi gida uku, kowace amsa da layinta biyu ja.

"Malam, ka duba mani. Ban so in tahi suna fakin."

Ta farko na bi ta nan take na sa mata alamar daidai. Ta biyu na karanta, na sake karantawa, na cire tabarau na goge na mayar. Tana tsaye tana jira, hannu a baya. Na ɗauki fensir na ja layi ɗaya a gefen takardar, na rubuta lambar tambayar a ciki.

"Wannan ta gyara gefe tukuna. Ki dawo jibi."

Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya har ta fita. Kwana biyun cur na yi a kanta, kuma amsarta daidai ce.