Na Kai Ƙaronsa Singafo

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Bukit Jalil a Malesiya za mu Singafo, ni da malamar da ta duba karatun marigayi mijina, kwana shida bayan na fita takaba. Kwalabe uku ne a cinyata. A ciki akwai ƙaron Gashuwa da ya niƙa, ya danne fale-fale kamar kwabo, huɗu a kowace kwalba. Shekara guda yana jiran layin na'urar da za ta auna su. Layin ya zo, shi ba ya nan. Idan awon ya yi kyau, aikinsa zai fita da sunansa.

Ya sha gaya mini, "Maman Amira, danshi ne maƙiyin aikin nan." Ga shi muna garin da tawul ke kwana biyu bai bushe ba. Akwai 'yan duwatsu shuɗaye masu shanye danshi a gindin kwalaben, in sun fara ja sai a gasa su a mayar. Haka na yi ta yi cikin takaba.

Hanya gonakin kwakwar manja ce har ido ya gaji. Sanyin bas kamar firji. A wurin hutawa malama ta sayo nasi lemak, shinkafar kwakwa da gyaɗa a gefe, na ci gyaɗar na bar sauran. A kan iyaka jami'i ya ɗaga kwalba ya tambaya ko alewa ce.

Sinkurotron suke kiran na'urar. Ban ga komai ba sai bututu da wayoyi a bayan katanga mai kauri. Malama ta ce hasken da suke ɗiba, terahaz, ido ba ya ganinsa, kuma ruwa na shanye shi. Na zauna a kujerar roba har bayan la'asar, bayana na ciwo, ina kallon layi yana hawa da sauka a allon kwamfuta.

Kwalba biyu sun fita fes. Ta uku ta sha danshi. Na san dalili. Ita ce ke kan teburinsa, kuma na yi wata guda ban iya shiga ɗakin ba.

Malama ta dafa hannuna. "Takwas sun isa, Kak. Boleh." Da yarensu ke nan: Yaya, zai yiwu.

Washegari muka dawo, ƙafafuna a kumbure. Shekara huɗu ina yi masa tsiya cewa ya kawo mu Malesiya wasa da ƙaro. Yanzu na ga abin da yake yi, sai dai babu wanda zan ba haƙuri. Allah Ya jiƙansa.