Ranar da Aka Karɓe Allon Doña Lala

Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu, Doña Lala ce ta tsallakar da shi titi. Ma'aikaciyar hukumar birni ce, da rigarta ruwan ɗorawa mai ƙyalli da jan allon da take ɗagawa motoci su tsaya. Sunanta Eulalia Barragán, amma likita kaɗai ke kiranta haka.

Tana budurwa ta baro ƙauyensu a Meziko ta shigo Amurka. Ta yi ta figar kaji a masana'anta har yatsunta suka lanƙwashe, ta binne miji, ta samu takardar zama 'yar ƙasa, sannan aka ba ta kwanar gaban makaranta. Ba ɗa, ba jika. Wannan kwanar ita ce abin da ta mallaka a duniya. Bakinta kuwa ba ya hutawa.

"Kai mai kan kabewa, ɗaure takalminka!"

"Mija, har yanzu ƙasa kike kallo? Me kika jefar, 'yata?" Wannan da ni take, har bayan na gama jami'a.

Da kaka ta kama, jami'an shige da fice na gwamnatin tarayya suka cika unguwa, fuska a rufe, cikin motoci masu baƙin gilashi. Mutane suka rarraba usur, da an hango su sai a busa. Majalisar birni ta zartar cewa ma'aikacin birni ba zai taimaka musu ba, ba kuma zai tare musu hanya ba. Muka yi ta murna da rabin farko, ba wanda ya kula da na biyun.

Wata safiya ina jiran bas sai usur ya ɓarke daga wajen gidan burodi. Yara na tsakiyar titi, cikinsu har da Nemesio magini riƙe da hannun 'yarsa. Shi suke nema. Baƙar mota ta shawo kwana a guje. Doña Lala ko duba mai motar ba ta yi ba, ta ɗaga allo kamar yadda take yi wa motar shara. Motar ta ci birki. Nemesio ya sungumi yarinyar ya faɗa harabar makaranta, inda ba su da ikon shiga sai da izinin alƙali.

Maza uku suka diro.

"Sauke wannan abin!" in ji ɗaya.

"Yara ba su gama wucewa ba, ɗana."

Ban ga lokacin da ya kama ta ba. Na dai ga allon yana gangarawa kan kwalta, ita kuma a ƙasa, gwiwarsa a gadon bayanta. Matar da ta girmi uwarsa! A tsallake ga motar 'yan sandan birni, ga Rubén Arreola a tsaye cikin kakin ɗan sanda, wanda ita ta riƙa share wa majina yana ɗan aji ɗaya.

"Rubencito! Kana kallo?" ta ƙwala masa kira.

Ya juya kai. An umarce su kada su sa hannu.

Da yamma aka sake ta, haƙori a karye, wuyan hannu a kumbure. Kashegari unguwa ta yi dafifi a gaban majalisar birni, kowa ɗauke da jan kwali irin allonta. Kansilarmu, Yesenia Quiroga, ta rungume ta a gaban masu ɗaukar hoto tana kuka, ta kira ta uwar unguwa.

Saboda haka da aka bugo waya cewa kansila da shugaban sashen da Doña Lala take aiki za su zo gidanta ran Asabar, Doña Lala ta gaya wa kowa lambar yabo za a kawo mata. Ta sa aka gyara mata haƙori. Ta kira ni da maƙwabciyarta Doña Chonita muka taya ta naɗa tamales, ƙullin masara da nama cikin ɓawon masara.

"Comadre, ƙawata, in lambar zinare ce ki ara mini na je biki," in ji Doña Chonita.

"Ke da wuyanki kamar na talotalo? Ta ɓace a ciki!"

Baƙin suka iso. Tun daga bakin ƙofa shugaban, wani dogo mai suna Mista Kowalczyk, ya ce, "Doña, akwai maganar da..."

"A gidana ba a magana da yunwa. Zauna."

Haka al'adarmu take, kansila ma ta sani. Ta so ta ƙi, Doña Lala ta tura mata faranti. Suka ci. Ina kallon kansila tana tauna kamar mai cin yashi, Doña Lala na ƙara mata. Sai da aka kwashe kwanuka Doña Lala ta gyara zama, ta shafa gashinta.

"To, ina jin ku."

Mista Kowalczyk ya ce lauyoyin birni sun duba hoton abin da ya faru. A ganinsu ta tare wa jami'an tarayya hanya cikin rigar aiki, in aka bar ta a kwanar, gwamnatin tarayya za ta maka birni a kotu. Don haka an dakatar da ita. Rigar da allon suka zo karɓa.

Doña Chonita ta dafe ƙirji. "Bayan kun cinye mata abinci?"

Doña Lala ta juya wajen kansila. "Yesenia, ba ke ce kika yi kuka ba?"

"Na yi iya ƙoƙarina, Doña. Wallahi na yi."

"Yaushe zan koma?"

Doña Lala ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da rigar a goge, don ta shirya sa ta a hoton karɓar lamba. Ta miƙa musu tare da allon. Shugaban ya rasa yadda zai riƙe su, ya soke allon a hammata ya fice.

Ran Litinin da safe na leƙa ta. Ta ɗaure takalman aikinta, tana zaune a kicin, ta juya wa taga baya. Ta ƙure muryar rediyo har ƙarshe, kuma duk da haka ana jiyo ƙararrawar makaranta.