Ranar da Na Ce ’Yata Ba Ta da Lafiya

Shekarun baya masu yawa, tun kafin in zama wannan tsohuwar da kuke turo wa saƙo kuna cewa, “Mama, wane littafi za mu karanta wanda mace ce jarumarsa?”, ni ma akwai wadda nake yi wa irin wannan tambayar. Makon jiya wata a cikinku ta tambaye ni wa ya fara sa ni a hanyar karatu. Na ce mata wata ƙawata ce, na tsaya nan. Yau zan faɗi sauran.

Aure ne ya kai ni Arlit daga Damagaram. Maigidana ma’aikacin lantarki ne a kamfanin haƙar uraniyam, aka ba mu gida a site, wato unguwar ma’aikata, mai famfo da wuta. Na yi lekol, wato makarantar boko, har na iya Faransanci daidai gwargwado, amma a can ba abin da nake karantawa sai rubutun jikin gwangwanin madara. Garin babu dangi, babu gona, in ka fita bayan gidaje sai rairayi da duwatsu. In na gama girki, ni da ’yata ƙarama sai mu zauna mu kalli bango.

A layin sayen shinkafa a shagon kamfani na haɗu da ita. Doguwa ce, Ba’abziniya, tana tsaye tana karanta littafi kamar ba a cikin hayaniya take ba. Na dinga leƙen bangon littafin har ta gane. Ta rufe shi ta miƙo mini.

“Ka iya karatu? To riƙe. In ka gama ka kawo.”

Haka Hausarta take, mace da namiji duk “ka” ne. Da farko nakan gyara mata, daga baya na daina, don ta ce ita a harshenta ko gaisuwa ban iya ba.

Tana buga takardu a biro, wato ofishin kamfani. A lokacin kasuwar uraniyam ta faɗi, ana ta rage ma’aikata, Nasaru suna kwashe iyalansu suna komawa ƙasarsu. Abin da ya yi musu nauyi sai su bari, kuma littafi yana da nauyi. Ita ce ke bin gidajen tana tattarawa. Ta tara kwali huɗu. Ba kowanne take ba ni ba, zaɓa take yi. Takan ce, “Wannan bar shi, matar ciki kuka kawai yake yi daga farko har ƙarshe. Ɗauki wannan.”

Ta ba ni labarin wata mata da mijinta ya mutu ya bar mata jirgin fito, ’yan’uwansa suka ce mace ba ta tuƙa jirgi, ta tuƙa. Ta ba ni na wasu ’yan’uwa mata biyu da suka buɗe wurin buga takardu a garin da ba a taɓa ganin mace da tawada a hannu ba. Ta ba ni wani mai wuya, wanda ba labari ba ne, bayani ne a kan aikin da mata ke yi a gida wanda ba wanda ke kiransa aiki. Wannan na yi wata guda a kansa, ina karantawa ina hararar maigidana, shi kuwa bawan Allah bai san laifin da ya yi ba.

Ranar Lahadi nakan goya ’yata in tafi wurinsu a Bukoki, unguwar da ke bayan site, inda waɗanda fari ya kashe wa dabbobi suka zo suka kafa bukkoki da tabarmi da kwali da tsohon kwano. Ƙawata tana da hakkin ɗaki a site, amma ta ƙi barin mahaifiyarta. Tsohuwar, wadda muke kira Anna, ta taɓa mallakar awaki da raƙuma, farin ya bar ta da akuya uku. A gaban tantinta muke zama, ƙawata tana dafa shayi, ni ina ta zuba kamar rediyo a kan ’yancin mata. Wata rana Anna ta tambayi abin da nake faɗa, aka fassara mata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce a gaya mini tantin nan nata ne tun ranar aurenta, ran da suka yi faɗa da marigayi mijinta shi ne ya kwana a gindin itace, kuma ba ta karanta hakan a takarda ba.

Akwai littafi ɗaya da na fi so. Wata ungozoma ce aka yi wa maƙwabciyarta ƙazafi, duk garin suka juya mata baya, ita kaɗai ta tashi ta je gaban alƙali ta tsaya kusa da ita. Da na mayar da shi na ce wa ƙawata, “Da ni ce, da na yi abin da ya fi haka.” Ta zuba mini shayi ta ce, “To, Allah ya sa.” Shekaruna ashirin da ’yan kai, kuma a bakina ba wanda ya kai ni jarumta.

Sai tawayen Abzinawa ya taso. Da farko labari ne daga nesa, an tare mota a hanyar Agadas, an kai hari wani wuri a cikin duwatsu. Daga baya motoci suka daina tafiya sai a ayari da rakiya. Tumatir da albasa da ke zuwa daga lambunan Abzin suka yi wuya. Maigidana kullum hankalinsa yana kan layin wutar da ke zuwa daga tashar lantarki ta Anu Araren. A site kuwa magana ta canza. Matan da muke zuwa suna da biki tare suka fara rage murya in an ambaci mutanen Bukoki. Wata maƙwabciyata ta ce mini, “Maman yarinya, ki rage zuwa can. Ba ki san wa ke kai wa manyan kamfani labari ba. Ga shi ana neman wanda za a sa a jerin kora.” Na ce mata wannan zancen banza ne. Amma Lahadin da ta biyo ban je ba. Na ce rana ta yi zafi.

Sunan ƙawata ya fito a jerin waɗanda aka sallama. Ba a daɗe ba aka yi kame a gari, aka tafi da maza da yawa daga cikin mutanensu. Har da wanta, direban babbar mota, mutum mai shiru wanda ya sha rage mini hanya in zan koma site.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina tsince shinkafa, ta yi sallama. Ta rame a kwana biyun nan. Tana riƙe da kwanon abinci a ɗaure cikin ƙyalle. Ba ta zauna ba.

“Na je inda aka ajiye su sau biyu,” ta ce. “Ba su bari in matso ƙofa. Ko abinci ba su karɓa. In kai ka raka ni, ka yi magana, za su saurara. Kai matar ma’aikaci ne, kai Bahaushe ne. Ba abin da za ka ce sai ga abinci, kuma yana da rai ko babu.”

Ta katangar gidanmu ina jin maƙwabciyata ta daina daka.

Har yau ba zan iya cewa na yi tunani ba. Bakina ne kawai ya buɗe. Na ce, “Wallahi da na je, amma yarinyar nan tun jiya zazzaɓi take, ba zan iya fita da ita ba.”

’Yata tana nan tsakar gida, tana bin kaza da gudu tana dariya. Ƙawata ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, “Allah ya ba shi lafiya.” Ta gyara riƙon kwanon ta fita.

Da maigidana ya dawo cin abincin rana na gaya masa, ina jiran ya ce na yi daidai. Ya ajiye cokali ya ce, “Me ya sa ba ki aiko an kira ni ba? Ai da na kai ku a mobilet, babur ɗina. Mutumin nan na san shi, ba ruwansa.” Ka ga ko wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba. Da yamma shi da kansa ya je ya yi tambaya, aka ce masa an riga an wuce da su Agadas da tsakar rana.

Ya kamata in tafi Bukoki a ranar. Na ce sai gobe, in na san abin da zan faɗa. Gobe ta yi, na ce bari in yi mata dambu in kai, kar in je hannu sake. Haka na dinga shirya kalmomi har mako uku. Ran da na je, wurin tantin fili ne, sai ramukan turaku da toka. Wata tsohuwa da ke kusa ta ce sun shiga mota sun yi arewa, wajen Tamanrasat, ƙawata da Anna da matar wanta. Kwalayen littattafan ta bar su a wurin tsohuwar, ta ce duk mai so ya ɗauka. Na tambaya ko ta bar mini saƙo. Tsohuwar ta ce ba ta bar wa kowa ba. An riga an hura wuta da rabin kwali ɗaya. Na ɗauki abin da zan iya ɗauka a ka.

Bayan shekara biyu mu ma aka sallami maigidana, muka koma Damagaram. Na koyar a lekol, na haifi sauran ’ya’yana, na zama wadda ake tambaya littafi. Duk wanda ya zo daga arewa sai na yi cigiyarta, ba wanda ya sani.

Sai lokacin da ake rububin zinariya a Cibarakaten, na je Agadas wajen suna. A tasha na ga wani dattijo yana duba igiyar kaya a kan mota. Tsayuwarsa na gane. Wanta ne. Na gaishe shi, na gaya masa ko ni wace ce, ya ce, “Matar mai lantarki.” Ya tambayi maigidana, na ce ya rasu, ya yi masa addu’a. Ya ce shi ya yi watanni a tsare aka sake shi. Ya ce bayan an yi sulhu ƙanwarsa ta dawo wani ƙauye a cikin duwatsun Abzin, ta kafa rumfa tana koya wa ’yan mata da matan aure karatu, har aka gina musu aji. Ta rasu shekara shida da suka wuce, ciwon ƙirji.

Na yi ta’aziyya. Sannan na yi tambayar da na yi shekara fiye da ashirin ina riƙe da ita. “Malam, ta taɓa yin zancena?”

Mutumin kirki ne, bai so ya yi mini ƙarya ba. Ya yi tunani sosai. Ya ce, “Gaskiya, Hajiya, ban taɓa ji ba. Ba ta cika zancen Arlit ba.” Aka kira shi wajen lodi, ya yi mini sallama ya tafi.

Na so a ce ta yi fushi da ni, ko ta zage ni a gaban wani, da na san inda zan ajiye abin. Ban samu ko wannan ba.

Har yanzu ina ba ku sunayen littattafai, kuma zan ci gaba, don na san abin da suka buɗe mini. Ku nemi waɗanda matan da ke cikinsu ke jin tsoro kuma suke tashi da tsoron nasu, sun fi gaskiya. Amma in kun ji ina yabon wata jaruma da zafi, ku sani mai yabon ta taɓa samun tata ranar. Ba a nemi in yi faɗa da kowa ba, ba a nemi in ba da komai ba. Kafin mu bar Arlit na taka hanyar ni kaɗai, daga ƙofar gidana zuwa ƙofar da ta roƙe ni in raka ta. Da goyo a bayana, tafiyar minti ashirin ce.